Daga Tiga Zuwa Riruwai: Hanyoyin da Muryar Rediyo Ke Bi Ta Iso Ƙauye

Duk wanda ya taso daga birnin Kano ya miƙi hanyar Zariya da rediyon mota a kunne zai lura da wani abu tun bai bar ƙasar Kano ba. A Kura tashoshin FM suna nan tangaran, har sun yi yawa, da ka murɗa kaɗan sai ka ci karo da wata. Amma da an kai Kwanar Dangora an karya hagu zuwa Tudun Wada, sai su fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan ne ke fara tafiya. Manyan su dage, su zo in an hau tudu, su ɗauke in an gangara kwari. Kafin a fita daga dajin Falgore direba ya gaji da murɗe-murɗe, ya koma wa karatun da ke cikin memori.

Ni mutumin Katsina ne, malamin kimiyya a makarantar sakandare, kuma tun ina yaro nake da ƙulafucin rediyo. Da kaka na bi wani ɗan'uwana mai fataucin hatsi zuwa kudancin Kano, shi yana neman masara da shinkafa, ni kuma ina riƙe da 'yar ƙaramar rediyo mai batir biyu, irin wadda ke da FM da matsakaicin zango da gajeren zango. Na daɗe ina zana wa ɗalibai a allo yadda igiyoyin rediyo ke tafiya. A wannan yanki na ga mutanen da rayuwarsu ta yau da kullum ke tafiya a kan abin da nake zanawa, kuma da yawansu sun fi ɗalibaina sanin halinsa, ko da ba su san sunansa ba.

Mun fara yada zango a Tiga, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, inda gwamnatin Audu Baƙo ta datse kogin Kano aka kammala madatsar a 1974. Da sanyin safiya na sauka bakin ruwa. Wani masunci yana zaune a kan bakin kwalekwalensa yana tsince koma, ya rataye rediyo a wata sanda da ya kafa a laka. An ɗaure bayanta da roba saboda murfin batir ya ɓace, eriyarta kuma ta karye daga tsakiya, ya ƙara mata tsawo da wayar jan ƙarfe. Muka gaisa, na tambaye shi ko tana kamawa sosai a nan.

"Malam, ai lokaci gare ta," in ji shi. "Da asuba in sanyi ya sauka, har FM ɗin garuruwan da ban taɓa zuwa ba nake ji. Rana na ɗagowa sai su gudu."

Gaskiya ya faɗa, kuma dalilin yana cikin iskar da ke kusa da ƙasa. Igiyar FM gajera ce ƙwarai, tsawonta wajen mita 3 ne, kuma a miƙe take tafiya. Duniya kuwa a dunƙule take. Turken da ya kai tsawon mita 100 ba ya hango abin da ya wuce kilomita 40 da 'yan kai, daga nan ƙasa ta lanƙwashe ta bar igiyar ta wuce sama. Ƙarfin na'ura da tudun da mai sauraro yake kai suna ƙara mata nisa, shi ya sa za ka ga an ɗaura waya a kan doguwar gora a gidajen ƙauye. Sai dai a daren da iska ta kwanta, ƙasa ta huce, iska mai sanyi takan zauna a ƙasa mai ɗumi ta hau kanta. A irin wannan hali igiyar takan lanƙwaso ta bi doron ƙasa ta yi nisan da ba ta saba ba. Rana na fitowa ta dama iskar, hanyar ta rufe. Wannan kyauta ce ta ɗan lokaci, ba abin da mutum zai dogara da shi ya ji sanarwar gwamnati ba ne.

A Kiru ba mu jima ba. Abin da na riƙe daga can shi ne wani makiyayi da muka tarar a gefen hanya, sanda a kafaɗa, rediyo a rataye a ƙirji cikin jakar fata da aka ɗinka daidai jikinta. Ya ce shi gajeren zango yake bi, domin duk inda shanu suka kai shi tana binsa.

Maganar ta fi daɗi a Tudun Wada. Gari ne na shinkafa, injinan casa suna ta ruri har magariba, ƙaiƙayi ya rufe gefen titi. Bayan sallar isha'i na zauna a teburin wani mai shayi. Can gefe wani dattijo ya shimfiɗa buzu, ya ɗora rediyo a cinya yana jiran ƙarfe takwas da rabi, lokacin labaran dare na BBC. Kafin lokacin ya yi ya koma matsakaicin zango yana yawo da allura. Abin da na murɗa da rana a mota na tarar wayam, yanzu ya cika maƙil: nan Larabci, can Faransanci, gaba kaɗan wani kiɗa da ban gane na wace ƙasa ba ne, duk a cikin shuuu da ƙaraurawa. Ya tsaya a wata tashar Hausa. Muryar mai magana ta fito sosai, sai ta fara nutsewa a hankali har ta kusa ɓacewa, ta shaƙe kamar ta hanci, sannan ta dawo da ƙarfinta. Dattijon bai taɓa komai ba.

Na ce, "Baba, ba za ka gyara ba?"

Ya ce, "Bar ta, ɗana, za ta dawo. Haka take yi da dare. Da rana ba ta wannan hawa da sauka, sai dai ba ta da ƙarfi. Shekara nawa muna tare."

A cikin waɗannan 'yan kalmomi ya taƙaita abin da ya ɗauki masana shekaru fiye da ashirin kafin su tabbatar. A Disamba 1901 Guglielmo Marconi ya ba da sanarwar cewa ya ji siginar da aka aiko daga Poldhu a Ingila alhali yana St John's a gaɓar Kanada ta yau, tazarar kusan kilomita 3,500. Masana lissafi suka rasa yadda aka yi igiya mai tafiya a miƙe ta zagaye lanƙwasar teku. A 1902 mutum biyu, Arthur Kennelly a Amurka da Oliver Heaviside a Ingila, kowa da kansa, suka ce lalle akwai wani rufi a can sama da ke maido da ita ƙasa. Ba a samu hujja ba sai a Disamba 1924, lokacin da Edward Appleton da ɗalibinsa Miles Barnett suka yi amfani da tashar BBC ta Bournemouth bayan an rufe shirye-shiryen dare, suna saurare daga Oxford. Suka riƙa sauya zangon tashar a hankali suna ƙirga hawa da saukar sautin, daga nan suka lissafa cewa rufin yana wajen kilomita 100 a sama. Wannan aiki na cikin abin da ya sa aka ba Appleton kyautar Nobel a 1947.

Hawa da saukar da Appleton ya auna ita ce dai wadda dattijon Tudun Wada ya haƙura da ita. Tashar matsakaicin zango tana aiko da muryarta ta hanya biyu. Ɗaya tana rarrafe a doron ƙasa, tana bin lanƙwasarta, tana raguwa da nisa. Ɗayar tana tashi sama, ta taɓo wancan rufi ta dawo. Wanda ke kusa da tasha ta ƙasa kaɗai yake ji, wanda ya yi nisa sosai ta sama kaɗai ke isa gare shi. Amma wanda ke tsakani, daga kilomita 100 zuwa 200, dukansu biyu suna iso masa da ƙarfi kusan ɗaya, kuma ta saman ta fi yin doguwar tafiya. In suka iso a jere sai su haɗa ƙarfi, in suka saɓa sai su kashe juna. Rufin kuma ba a tsaye yake ba, yana motsi, don haka sautin ke kai da komo. Tudun Wada da Doguwa sun faɗa daidai wannan tsakani. A matsakaicin zango an san Rediyon Kano a kan 729, an san Rediyon Tarayya na Kaduna a kan 594 daga Jaji, kuma daga Doguwa kowannensu ya haura kilomita 100 a miƙe. Tazarar ba ta da wani bambanci mai yawa da wadda ke tsakanin Bournemouth da Oxford.

Shi wannan rufi, wanda masana ke kira ayonosfiya, rana ce ke gina shi kullum. Daga wajen kilomita 60 zuwa sama iska ta yi shara-shara ƙwarai. Wani ɓangare na hasken rana mai tsananin ƙarfi, wanda ido ba ya gani, yana dukan ƙwayoyin wannan iska ya ɓalle musu 'yan ƙananan ƙwayoyin lantarki, su yi ta yawo a sake. Su ne ke juya igiyar rediyo. In kana son ka gane, ka tuna gidan da aka raba ɗaki biyu da katangar da ba ta kai sama ba: ka haska tocila a silin, wanda ke ɗaya ɓangaren zai ga haske ko da bai ga tocilar ba. Rufin hawa-hawa ne. Na ƙasa, wanda ake yi wa laƙabi da D, yana tsakanin kilomita 60 da 90. Sai E a samansa, daga 90 zuwa wajen 150. Sai F, mafi kauri, wanda ya kai ɗaruruwan kilomitoci.

Hawa na D shi ne ke raba dare da rana a rediyo. A can iskar tana da ɗan sauran kauri, saboda haka da igiyar matsakaicin zango ta girgiza ƙwayoyin lantarkin sai su yi ta karo da iska, ƙarfin igiyar ya ƙare a nan. Da rana ke nan babu abin da ke dawowa daga sama, sai mai rarrafen ƙasa kawai, shi ya sa dattijon ya ce ba ta hawa da sauka amma ba ta da ƙarfi. Rana na faɗuwa hawan D ya watse cikin ɗan lokaci, hanya ta buɗe zuwa E da F waɗanda ke jurewa har asuba, sai tashoshin da ke nesa da ɗaruruwan kilomitoci, wani lokaci dubbai, su shigo. Larabcin da Faransancin da muka ji a teburin mai shayi ta nan suka biyo.

Takwas da rabi ta yi, dattijon ya tura maɓalli zuwa gajeren zango, bai ko duba allura ba. Ya san wurin da yatsa. A nan ma akwai ilmin da masu sauraro suka haddace ba tare da an yi musu bayani ba: shirin rana a nemi mita 13 ko 16, na dare da na asuba a koma 25 ko 31 ko 41. Waɗannan lambobi tsawon igiyar ne. Gajerun suna iya ratsa hawan D da rana ba tare da ya cinye su ba, kuma rana ta ƙarfafa hawan F har yana iya maido da su. Da dare F ya yi rauni, gajerun sai su huda shi su wuce sararin samaniya, dole a koma masu ɗan tsawo. Shi ya sa gidajen rediyo ke sanar da sauyin mita in yanayi ya juya. Shekara da shekaru muryar Landan ba daga Landan take tasowa kai tsaye ba. Ana tura ta tsibirin Ascension a tsakiyar tekun Atilantika, inda BBC ta buɗe tashar miƙa zango a 1966, daga can ta tashi sama ta sauko ƙasar Hausa, tafiyar sama da kilomita 3,000 da ba ta cin ko kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa. Babu waya a tsakani, babu kati, babu mai karɓar haraji a hanya.

Na daɗe ina ganin ba mu cika yaba wannan ni'ima yadda ta cancanta ba. BBC ta fara Hausa ranar 13 ga Maris 1957 da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi, Jamus da Sin suka biyo a 1963, Amurka a 1979, Faransa a 2007. A gida kuma Rediyon Kaduna, wanda gwamnatin Sardauna ta kafa a 1962, ya yi shekaru yana kai Hausa har Gana da Kamaru da Sudan a kan mita 49. Manomin da bai taɓa riƙe jarida ba ya san sunan shugabannin ƙasashen duniya, yana muhawara a kan Falasɗinu a gindin bishiya. Duk wannan a kan iskar da ke can sama da gajimare ya hau.

Washegari muka ratsa Falgore. Daji ne babba, ya taɓo Tudun Wada da Doguwa da Sumaila, kuma titin da ya ratsa shi shi ne ke kai mutum Saminaka da Jos. Direbobi ba sa son dare ya riske su a ciki. A wasu wurare waya takan nuna babu sabis, fasinjoji su yi tsit kowa na duba tasa. Na fito da 'yar rediyona ta taga. FM babu komai sai huci. Gajeren zango kuwa yana nan daram, domin shi daga sama yake saukowa, bishiya da tudu ba sa tare masa hanya.

Bayan dajin ƙasa ta sauya. Masara ko'ina, an karye an tara dami-dami, ga tsaunuka sun fara bayyana ta kudu. Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, tana cikin duwatsu ne, inda aka daɗe ana haƙar kuza. Wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Katsina zai yi mamakin cewa nan ma Kano ce. Duwatsun nan suna cutar rediyo ta fuska biyu. Suna tare FM, wanda ke gindin dutse yana cikin inuwarsa. Sannan igiyar da ke rarrafe a ƙasa tana son ƙasa mai laima, ta fi gudu a kan fadama, ta fi ko'ina gudu a kan ruwan gishiri na teku, amma busasshen dutse yana shanye ta da wuri. Tashar da za ta isa Bebeji da ƙarfinta a gajiye take isowa Riruwai.

A nan ne wani saurayi mai shagon cajin waya ya yi mini tambayar da ta fi kowace daɗi a tafiyar. Shagon nasa akwati ne na katako, sola a kan rufi, wayoyi sun fi talatin a jere kowace da lamba a manne. Yana gyaran rediyo a gefe. Da maraice muna zaune sai muka riƙa jin ƙarar "ƙarrr, ƙas" a matsakaicin zango, alhali sama tas take babu ko gajimare.

"Yallaɓai, wai me ke kawo wannan? Mutane suna kawo mini rediyo su ce ta lalace, na buɗe ban ga komai ba."

Na ce masa ya dubi kudu in duhu ya yi. Da magariba ta wuce sai ga walƙiya can ƙasa-ƙasa ta wajen Filato, nesa ƙwarai har ba a jin tsawarta. Kowace walƙiya tashar rediyo ce ta ɗan lokaci, mai ƙarfin gaske, kuma mafi yawan ƙarfinta yana fita ne a igiyoyi masu tsananin tsawo, na kilomita 30 zuwa sama. A duniya ana yin walƙiya sama da 40 a kowace daƙiƙa, kuma tsakiyar Afirka, wajen Kwango, na cikin wuraren da suka fi ko'ina. Wannan ƙara ce ta sa matsakaicin zango ke wahala a ƙasashe masu zafi da damina, har aka keɓe musu mita 120 da 90 da 60 domin watsa shirye-shiryen cikin gida.

Su waɗannan dogayen igiyoyi halinsu daban ne da duk waɗanda na ambata. Ba sa shiga cikin rufin sosai balle ya cinye su. Daga gindinsa suke juyowa, wajen kilomita 70 da rana, wajen 90 da dare, sai su kama tafiya a tsakanin ƙasa da rufin, ƙasa ta mayar da su sama, sama ta maido su, har su yi dubban kilomitoci ba su raunana sosai ba. Ba su cika hawa da sauka ba, dare da rana suna nan. Mafi tsawonsu har suna kutsawa 'yan mitoci cikin ruwan teku, shi ya sa manyan ƙasashe ke aika saƙo da su ga jiragen yaƙinsu masu tafiya a ƙarƙashin ruwa. Dogon zango na watsa shirye-shirye, mai igiyar mita 1,000 zuwa 2,000, ɗan'uwansu ne na kusa. Da tasha ɗaya a Droitwich, wadda aka buɗe a 1934, BBC ta riƙa rufe mafi yawan Ingila. Aljeriya ta kafa irinsu domin ta isa cikin Sahara, Maroko ma ta kafa tata a Nador. Sai dai suna buƙatar turaku masu tsawon ɗaruruwan mitoci da wutar lantarki mai yawa, kuma Turai ta yi ta rufe nata: Jamus a ƙarshen 2014, Faransa ta daina shirye-shirye a tashar Allouis a ƙarshen 2016. Yawancin rediyon da ake sayarwa a kasuwanninmu ma ba su da wannan zango. Mu a nan walƙiya ce babbar mai watsawa a kansa.

Akwai wani abu kuma da na gaya wa saurayin, na ga idonsa ya buɗe. Duniya tana da maganaɗisu, shi ne ke juya allurar kamfas, kuma akwai wani layi da ya zagaye ta inda ƙarfin maganaɗisun ke kwance daidai da doron ƙasa. Wannan layi ya ratsa arewacin Najeriya, ba nisa da wannan yanki. A samansa, wajen kilomita 100 da 'yan kai, wani kogin lantarki yana gudana zuwa gabas kullum da rana, faɗinsa ɗaruruwan kilomitoci. Sydney Chapman ne ya raɗa masa suna a 1951, kuma ɗaya daga cikin waɗanda duniya ta sani a kan bincikensa ɗan Najeriya ne, Farfesa Cyril Onwumechili, wanda ya yi aikinsa a Jami'ar Ibadan. Saboda wannan matsayi, rufin da ke kanmu ya fi na Turai rikici. Bayan faɗuwar rana yakan yi ramuka da kumfa, gajeren zango ya riƙa rawar murya, har siginar tauraron ɗan'adam da wayoyi ke gane wuri da ita takan rikice. Hukumar sararin samaniya ta ƙasa tana da cibiyar nazarin wannan a Anyigba, jihar Kogi. Ina ganin da jami'o'in Kano za su kafa ƙananan na'urorin awo a makarantun sakandaren Tudun Wada ko Doguwa, da sun samu wuri mai kyau, da yaran wurin ma sun san abin da ke kansu abin nema ne ga masanan duniya.

Ita ranar ma ba kullum take da hali ɗaya ba. Tana da zagaye na kimanin shekara 11, ta yi zafin rai ta lafa. In ta yi aman wuta, cikin minti 8 haskensa ya iso, hawan D ya yi kauri farat ɗaya, gajeren zango ya ɗauke ɗif a duk ɓangaren duniyar da ke cikin rana, wani lokaci na 'yan mintoci, wani lokaci fiye da sa'a. An ga irin wannan a watan Mayu na 2024. Na roƙi mai shagon, in aka kawo masa rediyo da rana tsaka aka ce ta mutu gaba ɗaya, ya ɗan jira kafin ya kwance ta.

Abin da ya dame ni a tafiyar nan shi ne inda aka dosa. Tun da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003 tashoshin FM masu zaman kansu suka yawaita, kuma sun yi aikin da ba a taɓa yi ba wajen ba talaka bakin magana. Ba na raina wannan ko kaɗan. Amma FM ta birni ce da kewayenta, haka aka halicci igiyarta. Na'urar matsakaicin zango tana shan mai da wuta, kayan gyaranta suna da tsada, masu talla kuma birni suke so, don haka a jihohi da dama an bar ta ta tsufa. A waje ma ana janyewa. Jamus ta rufe tasharta ta Kigali a Ruwanda a 2015. A watan Maris na 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da ma'aikatan Muryar Amurka, masu jiran sashen Hausa suka murɗa suka ji babu kowa. Hujjar da ake bayarwa kullum ita ce kowa ya koma waya.

Mu mutanen Katsina mun san iyakar wannan hujja. A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, aka biyo da ƙananan hukumomi 13 na jiharmu, da wasu sassan Sakkwato da Kaduna. Watanni mutane suna hawa mota su je wani gari domin su kira 'yan'uwa. A wancan lokaci wanda ke da rediyo da batir biyu shi ne ya san halin da ƙasa ke ciki. Turken waya ana iya kashe shi da umarni ɗaya, ɓarawo na iya sace batirinsa, mai na iya ƙare masa. Ko lafiya lau ake, data kuɗi ce, caji kuɗi ne, kuma tsohuwar da ke surfe a wani ƙauyen Doguwa ba za ta buɗe Facebook ta ji ranar rigakafi ko hasashen damina ba. Waɗanda suka fi nisa da asibiti da ofishin gona su ne kuma suka fi nisa da turken FM.

Masarar da ake ci a birni daga irin waɗannan wurare take fitowa, ruwan da ake noman rani da shi a Kadawa da Kura daga Tiga yake gangarowa. Mutanen da ke wannan aiki suna da haƙƙin jin gwamnatinsu da malamansu da likitocinsu a harshensu, a duk inda suke, ba sai sun ɗaura waya a kan gora ba. Ina kira ga gwamnatin Kano da sauran gwamnatocin Arewa su ware kuɗi a kasafi domin na'urorin matsakaicin zango, su sabunta su, su ba su wuta tsayayya, su horar da matasan injiniyoyin da za su gaji tsofaffin da ke ritaya, sannan a kafa ƙananan tashoshin miƙa zango na FM a kan tsaunukan kudu domin masu zama a gindin dutse. 'Yan majalisar da ke wakiltar Kiru da Bebeji, da na Tudun Wada da Doguwa, su ne ya kamata su fara ɗaga wannan magana, tun da mutanensu ne ke ƙarshen layi.